Zaƙin Sallah da haƙorin yaro: in tafi da shi ko in bar shi gida?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yarona shekararsa 7, turamensa biyu na ƙasa sun yi rami. An cike ɗaya, likita ya ce a rage masa zaƙi sosai kafin a taɓa ɗayan. To ga Ƙaramar Sallah ta ƙarato, mu kuma a gidan kakarsu a Unguwar Rogo muke wuni. Hajiya da hannunta take yin alkaki da nakiya da dubulan, kuma sai ta ga kowane jika ya ci. Kuɗin barka da sallah kuwa a teburin mai alewa suke ƙarewa. In bar shi wajen ƙanwata, ko in tafi da shi? Ba na so Hajiya ta ga kamar abin hannunta na raina.

Baban Ummi: Ki shiga Farin Gada ki cika masa leda da karas da tuffa da kankana. Muna Jos, kayan lambu ba su ƙare mana ba.

Maman Sadik: Ai yana ci, Baban Ummi. Tambayata yadda zan yi da Hajiya ne.

Inna ta Gangare: Haƙorin nono ne, zai faɗi wani ya fito. Mu da gullisuwa da hanjin ligidi muka tashi, ga mu nan da haƙoranmu. Kada ki hana yaro gidan kakarsa saboda alewa, 'yata.

Anti Nas: Inna, a yi haƙuri, turamen nono ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12. Kuma a shekara 6 akwai turmin dindindin da ke fitowa can baya, iyaye da yawa na ɗauka na nono ne. Maman Sadik, yawan tsotsar ya fi yawan alewar illa. Duk zaƙin da ya shiga baki, ƙwayoyin cuta na mayar da shi tsami mai cin haƙori na kusan rabin awa. Ki bar shi ya ci alkakinsa a zama ɗaya bayan tuwo, ya kuskure baki, da dare ki goge masa da kanki. Alewa mai tsinke da tuwon madara su ne abin gudu, don suna daɗewa a baki. Lemon roba na rabin lita kuma ya haura cokalin shayi 12 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau kada a wuce kamar 6 a wuni.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai kada ki je da shi. Bara daren Sallah kumatun Husaina ya kumbura har idonta ya rufe. Tana riƙe da hijabina tana cewa "Mama, cikin kunnena yake yi." Duk inda muka nufa a rufe, hutu ake yi. Mai kemis ya ba mu maganin zogi, uwar mijina ta tauna kanumfari ta cusa mata. Sai da aka koma aiki aka cire haƙorin. Kuma wallahi uwar mijin nawa ce ke ɓoye musu alewa a ƙasan filo. Da na yi magana, cewa ta yi ta raini 'ya'ya tara ban zo duniya ba. Mijina ko tari bai yi ba. Har yau ba na kai su.

Inna ta Gangare: Subhanallahi. Amma yanke zumunci ba magani ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Inna, ba ki kwana da yarinyar ba. Dubu talatin muka biya.

Baban Ummi: Dubu talatin? An cuce ku. Asibitin gwamnati na kai nawa, ko goma ban kashe ba.

Maman 'Yan Biyu: Da kati da hoto da magani? Ranar da muka je layi har waje.

Ɗan Bukuru: Duk wanda aka hana alkaki a turo mini nasa, haƙorana sun yafe.

Inna ta Gangare: Ita wannan Anti Nas ta haifa kuwa? Karatu daban, raino daban.

Anti Nas: Uku gare ni, Inna, kuma suna cin cincin ranar Sallah.

Maman Sadik: Na gode, Anti. Ina ganin zan sa babansa ya fara yi wa Hajiya bayani, daga bakin ɗanta zai fi shiga. Kuɗin fa? Da an miƙa masa ya ɓace.

Baban Ummi: Karɓe ki ajiye masa.

Ɗan Bukuru: A'a! "Kawo in ajiye maka" ɗin nan shi ya cinye mana yarinta. Wa aka taɓa mayar wa?

Maman 'Yan Biyu: To kayan sallar da ka sa, daga sama suka faɗo? Ku maza ku ba yaro ɗari biyar a gaban mutane, ɗinki da takalmi ku bar wa uwa.

Baban Ummi: Ɗinki ma dai. Telana ya karɓi shaddar yara tun farkon azumi, jiya na leƙa ko yankawa bai yi ba.