Facin nozul ya ƙi bajewa a SolidWorks, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina zana facin ƙarfafawa a manhajar zane ta SolidWorks, wanda ake waldawa kewaye da nozul (bututun da ke fita daga tanki) a jikin tanki, faɗin tankin ta waje 1000mm, bututun inci 12 ne wato 323.9mm, kaurin facin 10mm. Na zana shi a lanƙwashe ya kwanta daidai a jikin tankin amma Flatten, wato umarnin baje zanen a shimfiɗe, ya ƙi yi sam, shi kuma mai injin filasma na yankan ƙarfe fayil ɗin zane na DXF a shimfiɗe yake jira. Ko dai in yanka da'ira kawai a kai wajen rolin, wato injin lanƙwasa faranti?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam injiniya. Ina kyautata zaton da Extrude ka gina shi, shi ya sa, manhajar bata ɗauke shi a matsayin farantin da aka lanƙwasa ba. Koma Sheet Metal ka zana baka (arc) guda mai radiyos 500, wato rabin faɗin tankin, ka yi Base Flange kaurin ya fita waje, K-factor, wato inda layin da baya miƙewa yake cikin kaurin, ka sa 0.5 tunda lanƙwasar mai faɗi ce. Sai ka yanke zagayen facin da ramin da Extruded Cut, amma ka tabbata ka kunna Normal cut don bakin yankan ya tsaya tsaye kan farantin, haka filasma ma zata yanka.

Amsa ta 2: Maganar da'ira kuwa kar ka soma ɗan'uwa. Idan ka yanka 324 zagaye ka yi rolin, ta tsawon tanki zai zauna yadda yake amma ta gefen lanƙwasa sai ya tsuke, bututu ya ƙi shiga, a koma ana ci da giranda. Na buga lissafin da girman da ka bayar, ramin a shimfiɗe zai fito kamar ƙwai, wajen 324 da 333, kafin ma ka ƙara ratar walda. A ƙaton tanki bambancin baya kai ya kawo amma naka ƙarami ne ga bututu babba.

Amsa ta 3: Ni daga ɓangaren walda nake magana oga. Injin rolin yana barin bakin faranti a miƙe, saboda haka ka bar rara a gefe biyun a yanke daga baya, in ba haka ba facin bazai manne ba. Kuma dan Allah kar ka manta ƙaramin ramin gwaji, ƙa'idar ƙera tankuna ta API 650 6mm ta ce, ta nan ake hura iska a shafa ruwan sabulu a ga ko waldar na yoyo, masu zane da yawa suna mancewa da shi sai mu a shago mu huda.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, ya baje yanzu. To akwai wani nozul ɗin a kan murfin tankin mai kumburi, shi ma haka zan bi?

Amsa ta 1: A'a wannan daban ne, murfin ya lanƙwasa ta fuska biyu, dole ƙarfen ya ɗan miƙe wajen dannawa, Sheet Metal bazai baje shi ba. In kana da SolidWorks Premium gwada Surface Flatten amma kiyasi zai baka, ka bar rara, ramin kuma a gama shi bayan an danna facin ya zauna kan murfin.