Nawa direban NASCAR ke samu, kuma wane nama zai kai mu ƙarshen tsere a daren Sallah?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka. Tambaya biyu gare ni. An ce kuɗin da aka ware wa tseren Daytona 500 na 2025 ya haura dala miliyan 30. William Byron da ya ci tseren, nawa ne rabonsa a ciki? Direba albashi yake karɓa ko kaso? Ta biyu, a 'yan shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa kusa da lokacin tseren Coca-Cola 600, shi kuma tseren sai wajen ƙarfe 11 na dare yake farawa a agogonmu. Mi ya kamata a tanada na naman layya wanda zai jure zafin Sakkwato ba tare da firji ba? Ina kuma son sanin yadda Amurkawa ke soya talo-talo ɗungurungum.

Kawun Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ɗana. Wancan miliyan 30 ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ba hannun direbobi yake fara shiga ba. Kuɗi ne da ake raba wa motoci kusan 40 da sunka shiga tseren, kuma ƙungiyar da ta mallaki motar ake biya. Motar Byron ta Hendrick Motorsports ce, don haka can kuɗin ke sauka, sannan a ba shi abin da yarjejeniyarsa ta ce. Tun 2016 hukumar NASCAR ta daina wallafa abin da kowace mota ta samu a kowane tsere, shi ya sa duk adadin da ka gani ana yaɗawa da sunan rabon direba, ƙiyasi ne.

A 2016 ɗin ne aka kawo tsarin gurbi. Gurabe 36 ne, kuma motar da ke da gurbi tana da tabbacin shiga kowane tsere cikin 36 na kakar, tana kuma karɓar kaso mai tsoka. Wadda ba ta da shi sai ta yi takarar shiga, abin da take samu kuma kaɗan ne. Ko tsakanin masu gurbin ba daidai ake rabawa ba: ana duba matsayin da mota ta ƙare a ranar, ana kuma duba ƙwazon gurbin a shekarun baya. Saboda haka wanda ya zo na goma zai iya kai wa ƙungiyarsa kuɗin da ya fi na wanda ya zo na takwas.

Direba babba yana ci ta hanya huɗu: albashin shekara, kaso daga kuɗin tsere, kaso daga cinikin riguna da huluna da ƙananan motocin wasa masu lambarsa, sai tallan da yake yi da sunan kansa. Daga ciki yake biyan haraji, da wakilinsa, da inshora, da babbar motar da yake kwana a ciki a filin tsere, wasu har da jirgi. Abin da ke saura bai kai yadda ake zato ba.

Bakanike Arkilla:
Kawu ya yi bayani, amma a ƙara da wannan don shi ne ginshiƙin abin. Kuɗin tsere ba ya riƙe mota shekara guda. Masu talla a jikin mota su ne ke riƙe ta. Ka dubi Kyle Busch: ya ci kambun Cup, wato babban rukunin NASCAR, sau biyu, 2015 da 2019, amma da kamfanin Mars mai alewar M&M's ya janye bayan kakar 2022, Joe Gibbs Racing ba ta samu wanda zai cike gurbin kuɗin ba, sai ya koma Richard Childress Racing a 2023. In zakara irin wannan zai rasa kujera saboda talla, ina ga yaro mai tasowa? A ƙananan rukunai, kamar na motocin a-kori-kura, direbobi da yawa su ke zuwa da mai ɗaukar nauyinsu kafin a ba su mota. Wani ma abin da yake kawowa ya fi abin da ake biyansa.

Babbar rijiyar kuɗin kuwa talabijin ce. Yarjejeniyar 2025 zuwa 2031 da Fox da NBC da Amazon da TNT ta kai dala biliyan 7.7. Kan yadda ake rabon irin wannan kuɗi da sharuɗɗan gurbi ne 23XI Racing, ta Michael Jordan da Denny Hamlin, tare da Front Row Motorsports suka kai NASCAR kotu a Oktoban 2024. A ganina masu ƙungiya suna da hujja, domin tun zuwan sabon samfurin motar tsere a 2022 yawancin kayanta sai wajen kamfanonin da hukumar ta zaɓa ake saye, ba dama ka ƙera naka a garejinka. In mota ta daki bango, asarar ta mai ƙungiya ce. Tseren da kuɗin mai nasararsa ke a fili shi ne All-Star, tseren fitattun direbobi, inda aka saba ba mai nasara dala miliyan 1, shi ma ana rabawa da ƙungiya.

Hajiya Gawon Nama:
Ɗana, bari in amsa maka ta naman. Coca-Cola 600 mil 600 ce, zagaye 400 a filin Charlotte, tana cin awa huɗu ko fiye, wato za ku kai ƙarfe uku na dare. Kada ka dogara da farfesu ko miya, sai dai in a ranar aka dafa. Kayan ciki, hanta da tumbi da hanji, su ake fara gamawa da su ranar yanka domin su ke saurin lalacewa. Abin da zai jira ka shi ne soyayyen nama.

Ga kilo 5 na tsoka: a yanka gunduwa-gunduwa daidai girman ƙwai, kada wani ya fi wani sosai. A sa albasa manya 4, citta busasshiya cokali 2, kanumfari da masoro cokali ɗaya-ɗaya, tafarnuwa dunƙule guda, gishiri cokali 3. Ruwa kofi 2 ya isa, naman zai fitar da nasa. A dafa a wuta matsakaiciya har ruwan ya ƙafe, kamar minti 40 zuwa awa ɗaya gwargwadon shekarun ragon. A tsame a baza a faranti ya sha iska. Sannan a soya cikin man gyaɗa haɗe da kitsen ragon, kaɗan-kaɗan. In aka cika kaskon, zafin man zai faɗi, naman ya sha mai ya yi laushi, kwana biyu ya fara wari. Alamar ya soyu ita ce kumfar man ta kwanta, ƙarar ta ragu, domin ruwan cikinsa ya fita.

Inda mata da yawa ke yin asara shi ne rufe shi da zafi. Tururi ya taru a murfi, ya ɗiga, sai fumfuna. A bar shi ya huce sarai a cikin kwando, a zuba a kwano busasshe, kuma kada a sa jiƙaƙƙen hannu. Bayan kwana biyu ko uku a sake ɗumama shi a mai. Yajin ƙuli-ƙuli a ajiye shi daban, sai za a ci a barbaɗa, da ɗanyar albasa da aka yanka a lokacin.

Malamin Kwanar Kalambaina:
Hajiya ta gama magana kan rago. Talo-talo kuwa abincin bikin godiya ne na Amurka, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, lokacin an riga an rufe kakar tsere a farkon watan. Mutanen kudancin ƙasar, inda NASCAR ta samo asali, su sunka shahara da soya shi sukutum, kuma da man gyaɗa suke yi.

A zaɓi wanda bai wuce kilo 5 zuwa 6 ba, in ya fi haka fata za ta ƙone ciki bai nuna ba. Kafin komai a sa shi a tukunya mai zurfi, a zuba ruwa har ya rufe shi, a cire shi, a yi alama inda ruwan ya tsaya. Nan ne iyakar man. A zubar da ruwan, a goge tukunya da naman ciki da waje har su bushe ƙarau. In daga firji ya fito, sai ƙanƙarar ta narke gaba ɗaya, domin ruwa cikin tafasasshen mai shi ke sa ya yi ambaliya ya kama da wuta. A kai man digiri 175 a ma'aunin Celsius, a kashe wutar, a saukar da shi a hankali da ƙugiya, sannan a sake kunnawa. Minti 7 zuwa 8 ga kowane kilo, kuma tsokar ciki ta kai digiri 74. A tsakar gida za a yi, kan ƙasa daidaitacciya, nesa da rumfa da yara, da yashi a kusa. In mai ya kama wuta ba a zuba masa ruwa.

Ɗan Mabera:
Na gode Kawu, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in ragon ba shi da kitse sosai, man gyaɗa lita nawa zai ishi kilo 5 ɗin?

Hajiya Gawon Nama:
Lita 2 ya isa in kaskon mai zurfi ne kuma kashi huɗu za ka raba suyar. Ka riƙa tsame ɓurɓushin albasa da ke zama a ƙasa tsakanin kowane kashi, in ba haka ba zai ƙone ya sa wa naman ɗaci.