Babban kek ɗina gefe na ƙonewa tsakiya ɗanye, ina mafita?

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sana'ar kek ku agaza min. Walimar saukar ƙanina ce ke tafe kuma ni aka ɗora wa kek, so nake na gasa babba guda a tire mai inci 12 da 18 a yayyanka a raba wa baƙi. In na yi a ƙananan gwangwani lafiya lau yake fitowa, amma da na zuba a babban tire sai gefe ya yi duhu ya bushe, tsakiya kuma ta yi tozo ta tsage, in na soka tsinke ya fito da kwaɓi. Obin ɗina na gas ne, a 180 nake sa shi. Kwaɓin ne ko wutar?

Anti mai kek:
Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya sa mai amfani ce. Tunda ƙananan suna yi miki kyau toh kwaɓinki lafiyarsa ƙalau, wuta ce ta yi yawa. Zafi ta gefe yake shiga, shi kuwa babban tire kafin zafin ya isa tsakiya gefe ya riga ya gasu ya tsaya, tsakiyar da ba ta kama jikinta ba sai ta yi ta tashi ita kaɗai har ta fashe. Ki sauke wutar zuwa 160 ki ƙara masa lokaci, kuma ki bar obin ya yi zafi kamar minti 15 kafin ki sa.

Sannan ki yanka tsohon tawul dogo daidai tsayin bakin tiren, ki jiƙa da ruwan sanyi ki ɗan matse, ki naɗe shi cikin foyil saboda wutar gas kar ta kama shi, sai ki zagaye tiren da shi ta waje. Danshin nan shi ke hana gefe saurin gasuwa har tsakiya ta kamo shi. Akwai kuma ƙusar da muke yin furen aisin a kanta, mai faɗin kai ɗin nan, ki shafa mata bota ki kifa kan a ƙasan tire tsinin yana kallon sama, guda 2 ko 3 a jere a tsakiya, sannan ki zuba kwaɓi. Ƙarfen ke jan zafi ya kai ciki. In kek ya huce kin kife shi sai ki zare, ɗan ramin ba ya ma ganuwa.

Kuma kar kwaɓi ya wuce rabin tire, wlh mutane da yawa nan suke samun matsala, son kek ya yi kauri.

Hajiya daga Zariya:
Duk abin da Anti ta faɗa haka ne, amma fa lambar da ke jikin obin na gas ba abin dogaro ba ce, kina ganin 180 ciki ya fi haka nesa. In da hali ki sayi ɗan ma'aunin zafi na ratayawa a ciki. Kuma shi gas daga ƙasa wutarsa take, dan haka ki sa kek a layin tsakiya, a layin ƙasa ki ajiye wani tire da yashi mai tsafta ko gishiri, yana tare zafin ya baza shi, dabarar da muke yi ke nan tun muna gashi a tukunya kan gawayi da garwashi a saman murfi. Ki bar fili tsakanin tire da bangon obin ko da yatsa biyu ne, in tiren ya toshe ko'ina zafi ba ya zagayawa. Kar ki buɗe ƙofa a minti 25 na farko, faɗawa zai yi. Bayan nan in sama ta kama sai ki juya tiren a hankali, na baya ya dawo gaba, dan can ciki ya fi zafi.

Mai gidan burodi:
Maman 'yan biyu ni dai da ni ne ba zan wahalar da kaina ba. Tunda yankawa za a yi, ki gasa a tire 2 masu inci 9 da 13, lissafa ki gani, 12 sau 18 ya ba da 216, biyun can kuma 234, ai kusan ɗaya ne. Ki auna kwaɓin a sikeli dan kaurinsu ya zo daidai, ki baje da bayan cokali har lungu-lungu, ki ɗan buga tiren a tebur iska ta fita. In kuma dole sai babban, toh ki ɗan rage bekin foda, kar ki ninka shi cif yadda kika ninka fulawa, babban kek in ya tashi da sauri tsakiya ba ta da abin riƙewa. Tiren alminiyam mai haske ya fi baƙi, baƙin ƙona gindi yake.

Maman 'yan biyu:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Malam gsky tiren da kyar yake shiga obin ɗin, bango da bango, ina ga shawarar tire biyun zan bi. Anti ko a ƙananan ma sai na sa ƙusar? Kuma ta kafinta za ta yi?

Anti mai kek:
A'a kar ki sa ta kafinta, tsatsa take kuma ba a san me aka shafa mata ba, ki nema wajen masu sayar da kayan kek. A 9 da 13 guda ɗaya ta isa, tawul ɗin dai kar ki bari. Ɗaya bayan ɗaya za ki gasa, kar ki jera su sama da ƙasa, ki kwaɓa na biyu bayan na farko ya kusa fita dan kar ya zauna jira. Ki fara soka tsinke a tsakiya daga minti 35.