Hoto Muke Zaɓa ko Mota?

Autan Ƙungiya: Assalamu alaikum. Ina da magana kan gasar hoton wannan wata. Fijo 504 ɗin Baba ce ta ci, kuma na taya shi murna, amma a ganina ba hoto aka zaɓa ba, mota aka zaɓa. Duk wanda ya kawo tsohuwar Fijo ya riga ya kwashe rabin ƙuri'u, don yawancinku a cikinta kuka tashi.

Sakatare: Wa alaikumus salam. Auta, ka dubi hoton da kyau kuwa?

Autan Ƙungiya: Na duba, Malam. Ko wanke ta ba a yi ba.

Mai Marsandi: Ai ƙurar ce ta yi hoton! Bayan la'asar Baba ya ɗauka, rana ta yi ƙasa, hazon hunturu ya rage mata kaifi, hasken ya bi gefen motar ya fito da karyewar but ɗin nan nata. Kuma sai da ya durƙusa daidai fitila. Kai da tsakar rana ka ɗauki Lexus ɗinka, gilashi sai ƙyalli, ƙarƙashinta baƙi ƙirin, ka matsa mata da waya har hancinta ya kumbura.

Baba Bakanike: Ɗana, maganarka da ƙamshin gaskiya, ƙauna tana ciki. Motar nan a 1968 ta fito a Faransa. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri, nan Kaduna, kuma a shekarar ce 504 ta ci tseren Safari a Kenya. Ma'aikacin gwamnati ya hau ta, direban tasha ya yi Kano da ita, akori-kurarta ta kai hatsi kasuwannin ƙauye. Wanda ya ga wannan zamanin, dole zuciyarsa ta motsa. Sai dai ban yarda wannan kaɗai ya ba ni ba. Watan jiya ma na kawo ta, wa ya kula?

Hajiya: Ni ina bayan Auta, amma ta wata fuska. Sunan mai hoto yana manne da hoton. Wane yaro ne zai tsallake Baba ya zaɓi sa'ansa a bainar jama'a? Kunya ba za ta bari ba. A ɓoye sunaye, ƙuri'a ta tafi wajen Sakatare a asirce.

Mai Marsandi: Hajiya, ko an ɓoye suna, wa bai san motar Baba ba? Ƙuri'ar asirin dai na yarda.

Autan Ƙungiya: To a raba gasar biyu, tsofaffi daban, sababbi daban.

Sakatare: Ba mu da yawan da za a raba. Gara kowane wata a ba da abu ɗaya: wannan karon fitila, na gaba cikin injin, sannan mota a kan hanya. Kuma don Allah a riƙa rufe lamba kafin a turo.

Autan Ƙungiya: Na amince, amma ban sauka daga maganata ba. Baba, mu yi musaya wata mai zuwa. Ka ɗauki tawa, in ɗauki taka, mu ga inda ƙuri'a za ta bi.

Baba Bakanike: Madalla. Ka zo gareji ranar Asabar bayan la'asar. Giyarta a jikin sitiyari take, sai na nuna maka kafin ka fita da ita.