Wane firam ya dace da keke mai mutum biyu (mai sirdi biyu, kowa da fedarsa) da zai ɗauki kayan zango?

Mai_Feda: Assalamu alaikum. Mutum biyu, nauyinmu a haɗe kilo 150, ga tanti da kayan girki wajen kilo 35. Firam na ƙarfe za a saya ko na alminiyam? Me kuma ya kamata a duba kafin a biya kuɗi?

Dogon_Zango: Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa da nauyin keken kansa, kun kai kilo 200 har da ɗoriya. Babbar matsalar dogon firam ita ce lanƙwasa: idan bututun ƙasa da ya haɗa fedar gaba da ta baya siriri ne, keke zai riƙa yin layi da ku, musamman in na baya ya motsa. Nemi mai kauri, zai fi kyau in akwai ƙarin bututu da ya ratsa firam ɗin a karkace. Ni ƙarfen kuromoli 4130 zan zaɓa, don in ya tsage mai walda na iya ɗinke shi. Alminiyam bai cika lanƙwasa ba, amma gyaransa a hanya da wuya.

Sarkin_Birki: Duk da haka, birki ne abin dubawa na farko. A doguwar gangara, birkin da ke matse rim yana ɗumama shi har taya ta fashe. Sai firam mai mazaunin birkin faifai, wanda zai karɓi faifai mai milimita 203. Fok ɗin gaba kuwa dole ya zama wanda aka ƙera don keken mutum biyu, kada a ɗaura na keken mutum ɗaya. A auna faɗin mazaunin ƙafar baya: milimita 145 ya fi yawa, kamfanin kekuna na Santana na amfani da 160, kuma samun kayan gyaran mai 160 ɗin ya fi wahala. Ƙafafun su kasance masu wayoyi 40 ko 48, firam kuma ya bar wa taya mai faɗin milimita 45 wuri.

Uwar_Tafiya: Ku tuna da mai zama a baya. In tazarar sirdinsa da sirdin gaba ta gaza, hancinsa a bayan direba zai wuni, ku gwada zama tare tukuna. Sannan jakunkuna huɗu kacal keken zai ɗauka, na mutum biyu, don haka a tabbata akwai ramukan ɗaura kariya, wato mazaunin kaya, gaba da baya. A kuma rataya jakar baya a juya feda, a ga ko diddige na dukanta.

Mai_Feda: Na gode ƙwarai. To sarƙar da ta haɗa fedojin biyu fa, in ta saki?

Dogon_Zango: Mazaunin fedar gaba yana juyawa a cikin firam, juya shi ne ke ɗame sarƙar ko ya sassauta ta. Ka sassauta nocinsa, ka juya shi har sarƙa ta ɗame, ka bar mata ɗan wasa kamar santimita 1, sannan ka ɗaure. Ka shafa masa giris tun farko, in ba haka ba tsatsa ta kama shi ya ƙi motsi.