Ku taimake ni da "sobriety" da "relapse" kafin jibi

'Yar Ƙofar Marusa: Salamu alaikum malamaina. Jibi da safe zan naɗi shirin rediyon da za mu saka ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi ta duniya. Bana ba zancen kame da ƙona tabar wiwi nake so ba, wannan duk shekara ana yi. Wanda aka riga aka yi wa magani nake nufi, a asibiti ko wajen masu ba da shawara na NDLEA, an sallame shi ya dawo gida. Ya zai zauna? Takardar da likita ya ba ni da Turanci take, kuma kalma biyu sun tsaya mini a maƙoshi: "sobriety" da "relapse". Na rubuta "rashin maye", da na karanta a fili sai na ji kamar ina karanta sakamakon gwajin fitsari. Da binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018 zan buɗe, mutum miliyan 14.3 ke shan miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. To ina son kalmar da za ta hau mace ta hau namiji.

Baban Walida: Wartsakewa. An wuce wurin.

Nas ɗin Dare: Yaya, ba a wuce ba. Wanda ya ɗaga kwalba biyu ta kodin da la'asar, da asuba ya wartsake, kafin azahar ya koma. Abin da Hajiya take nema zama ne mai tsawo, na wata da watanni. Ni a wurin aiki "kamewa" nake cewa, marasa lafiya kuma suna ganewa.

Malam na Gobarau: Me ya kai mu nesa? Tuba. Wanda ya bari tubabbe ne, wanda ya koma ya yi tuban muzuru. In kuma ta ilimi ake so, malaman sufaye suna da sukru da sahwu, maye da farkawa daga gare shi.

Baban Walida: Allah gafarta Malam, in Hajiya ta ce sahwu a rediyo, rabin Katsina za su ɗauka zancen ƙabli da ba'adi ake yi.

Malam na Gobarau: Wancan da sin ne, wannan da sad.

Baban Walida: A bakin Bahaushe duk ɗaya suke fita.

Ɗan Kusugu: Kullum haka muke. Ana neman Hausa, ɗaya ya ruga Larabci, ɗaya ya ruga Ingila. Alhali kalma na nan a ɗakin kowace uwa: YAYE. Jiki ya saba da abu, an raba shi da shi, ya yi kuka, ya yi rigima, ya ƙi barci, daga baya ya haƙura. Ba shi ke nan ba? Mutumin yayayye ne, macen yayayyiya, jam'i yayayyu. Wurin maganin gidan yaye. In ya koma, a ce ya koma nono. Ku nuna mini kalmar da ta haifi 'ya'ya huɗu a zama ɗaya irin wannan.

Bakano a Katsina: Kai ɗan uwa, ka je ka ce wa magidanci mai 'ya'ya shida ya koma nono, ka dawo ka ba mu labari.

Ɗan Kusugu: Ai dama ku ba a taɓa kawo abu daga Daura kun karɓa ba. An ɗauki karin harshenku an ce shi ne daidaitacciyar Hausa, kun ɗauka ku kuka haifi harshen. Daura ta Abdu tushen Hausa, a nan aka sari macijiya.

Bakano a Katsina: Sarar macijiya daban, ƙirƙirar kalma daban. Ƙamusun Hausa na 2006 a Jami'ar Bayero aka yi shi, ba a bakin rijiya ba. Kuma ni da nake zaune a garin da ke da Ƙofar Ƙwaya, ai na san inda zan yi shiru.

Baban Walida: Mi ya kawo Katsina cikin hwaɗanku? Sunan ƙofar nan ya girmi kemis ɗin da ke Kano duka. Kunya gare mu, ba dai tsoro ba.

'Yar Ƙofar Marusa: Don Allah iyayena, jibi fa. Ɗan Kusugu, yaye ta burge ni da farko, ba zan ɓoye ba. Amma mun saba da yaye ɗalibai, wato an kammala, an ba da takarda, kowa ya kama gabansa. Likitan nan kuwa abin da ya fi nanatawa shi ne sallama daga asibiti ba ƙarshe ba ce. Kuma "gidan yaye" ya yi mini kusa da "gidan mari". Tun samamen da 'yan sanda suka kai Daura da nan Katsina a 2019, aka fito da mutane da sasari a ƙafa, duk kalmar da ta fara da gida mai sauraro can zai kai ta.

Ɗan Kusugu: Ga shi nan, an sake jawo Daura.

Nas ɗin Dare: Bari in faɗi abin da ya sa tuban muzuru ke ba ni tsoro, da girmamawa ga Malam. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna komawa, kusan yadda mai hawan jini ko asma ciwonsa ke tashi. Ba wanda ke ce wa mai hawan jini munafuki. Sannan ga babban haɗarin: wanda ya yi wata uku bai sha tiramol ko kodin ba, jikinsa ya daina ɗaukar yawan da ya saba. In ya koma ya sha daidai na da, numfashi na iya tsayawa. Wanda ya san za a kira shi muzuru ba zai faɗa wa kowa ba, sai ya kulle ɗaki ya sha shi kaɗai, a nan ake rasa su. Mun ga yadda ƙanjamau ta yi. Sunan ya kama, ya kori mutane daga gwaji, sai da gidajen rediyo suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki.

Malam na Gobarau: 'Yata, ban ƙi ba. Ita kanta giya ba a zama ɗaya aka haramta ta ba. An fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka ce kada a kusanci salla cikin maye, sannan ayar Ma'ida ta zo ta rufe. Na janye muzuru. Tuba dai ba zan janye ba.

Wani Bawan Allah: Ban so in sa baki ba, amma a kaina ake magana. Tela ne ni. Da ɗinkin salla na fara, ƙwaya ɗaya don in kai asuba a kan keke. Lokacin da aka hana kodin a watan Mayun 2018 ban ma ji a jikina ba, na riga na koma tiramol. Malam, na tuba ya fi sau ɗari, da hawaye, ba na muzuru ba. Ɗan Kusugu, ba a yaye ni ba, don yaro in an yaye shi mantawa yake, ni kuwa yau wata goma sha huɗu, har yanzu in na ji ƙarar takardar magani ana ɓallewa sai yawuna ya tsinke. Na canja layin waya. Na bar majalisarmu ta bakin titi. Akwai wani lungu da ba na bi, gara in zagaya ta kasuwa ko da rana ta take. Ƙarfe goma na dare nake rufe shago ko da kayan wa ke hannuna, na rasa masu kawo ɗinki saboda haka. A wata na biyar na farko na sha sau ɗaya, daidai yawan da na saba, sai a gadon asibiti na farka, tsohuwata na zaune a ƙasa da carbi. Da ta ce na koma ruwa, da na koma ɗin. Sai ta ce, "Zamewa ka yi, tashi." Daga ranar na sake ƙirga.

Nas ɗin Dare: Allah ya ƙara dafa maka, ƙanena. Hajiya, kin ji kalmarki. Kamewa da zamewa. Ƙirgan kwanakin nan ma haka 'yan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu neman barin giya suke yi, wadda aka kafa a Amurka a 1935, yau kaɗai ake riƙewa, gobe in ta zo a riƙe ta.

Baban Walida: Sun ma yi amsa-amo, za su zauna a kunne.

Bakano a Katsina: Zamewa ta yi wa sau ɗaya. Wanda ya koma gadan-gadan wata uku fa? Wannan ya wuce santsi.

Ɗan Kusugu: Kamewa kuma ai ta mai azumi ce da ta mace mai takaba. Kun ari kalma mai aiki kun ɗora mata kaya, amma tawa da aka gina tun daga tushe kun ƙi.

Baban Walida: Yaye ma ai tana da aikinta, ranka ya daɗe.

'Yar Ƙofar Marusa: To ga abin da zan shiga da shi, ba don ya gamsar da ni duka ba. "Sobriety" zaman kamewa. Wanda ke ciki mai kamewa, ya hau mace ya hau namiji. Sha ɗaya bayan an bari, zamewa. Komawa gaba ɗaya zan ce ciwon ya dawo, ba kalma ba ce, jimla ce, amma lokaci ya ƙure. Malam, zan ambaci tuba a buɗewa. Wani Bawan Allah, ka yarda in faɗi maganar Mama ba tare da suna ko unguwa ba?

Wani Bawan Allah: Ki faɗa, Hajiya. Ki dai cire zancen tela, ba mu da yawa a layinmu.

Ɗan Kusugu: Ni dai a ajina yaye zan ci gaba da koyarwa. Ƙarfe nawa shirin, kuma ana buɗe layin waya?