Tambaya kan wani tsuntsun Amurka mai kama da hankaka

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum jama'a. Na ga wani bidiyo a Facebook, tsuntsu baƙi da fari tsaye bisa bayan saniya yana tsince mata kaska, anka ce a Amurka ne, sunan shi magpie. Kama da hankaka amma jelar shi doguwa ƙwarai. Wai hankakan can ne ko carkinsu? Kuma mi yake ci ban da kaska?

Malam Na Jega:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Dangin hankaka ne, ba shi da alaƙa da carki. Tsawon shi kamar santimita 45 zuwa 60, kuma kusan rabi duk jela ce. Ba ko'ina cikin Amurka ake ganin shi ba, yamma yake, tun daga Alaska da yammacin Kanada har jihohi irin su Montana da Wayomin da Kolorado, ya fi son fili mai ciyawa da itace jefi-jefi kusa da rafi da wuraren kiwo, cikin daji mai duhu ba ka samun shi. Akwai wani irin mai ɗorawar baki, shi a Kalifoniya kaɗai yake.

Batun ci kuwa ba ya da zaɓi, fara, ƙwari, hatsi, 'ya'yan itace, ƙwan ƙananan tsuntsaye, mushe, in ya ƙoshi sai ya haƙa ɗan rami ya ɓoye saura. Sheƙar shi ma abin kallo ce, ta ƙirare mai rufi bisa, ciki ya shafe da laka.

Bawan Allah Mafara:
Malam ni abin da ya dame ni a matsayina na mai shanu, in dabba na da gyambo fa? Don carkin nan namu in ya samu miki ba ya bari ya warke wallahi.

Malam Na Jega:
Shi ma haka yake yi, yana saran miki a bayan dabba, shi ya sa makiyayan can sunka daɗe suna kashe su, har lada ake biya a da. Yanzu dokar Amurka ta kare su.

Bawan Allah Mafara:
To ni dai ban yarda a bar shi kusa da mai ciwo ba, a wanke mikin a sa magani a rufe, masu lafiya su ya cire ma kaska.

Ɗan Argungu:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara sani.